A wane taku ne yaron nan ya zubar da wasansa?

Dan_Mokoyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wasa guda da nake so mu zauna a kansa. Ranar Lahadin da ta wuce an yi 'yar gasar eshek (wato ces, darar Turawa) ta matasa a farfajiyar wata makaranta a unguwar Zariya, awa guda-guda a agogo, kowa na rubuta takunsa. Ɗan yayata mai shekara 15 shi ke riƙe da farare a zagaye na uku, kuma a taku na 14 aka tashe shi, alhali sarauniyar abokin karawarsa tana ajiye a gefen allo. Ga wasan kamar yadda yake a takardarsa, da haruffan da muka saba: R sarki, D sarauniya, T hasumiya, F giwa, C doki; x alamar ci ce, + kuma kashedi ga sarki.

1.e4 e5 2.Cf3 Cc6 3.Fc4 Fc5 4.0-0 Cf6 5.d3 d6 6.Fg5 h6 7.Fh4 g5 8.Fg3 h5 9.Cxg5 h4 10.Cxf7 hxg3 11.Cxd8 Fg4 12.Dd2 Cd4 13.Cc3 Cf3+ 14.gxf3 Fxf3, sai ya miƙa hannu.

Ni a ganina taku na 13 ne kaɗai ya kashe shi, kafin nan yana gaba nesa ba kusa ba. Malamin da ke koya musu ya ce a'a, tun taku na 6 wasan ya lalace. Yaron kuwa ya ce sa'a ce kawai wancan ya taka. Me kuka gani?

DokinKarfe:
Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna, me ya sa ma ya sallama? Na jera a allo, yana da rarar sarauniya sukutum da soja guda. Ni da sai na ga mat da idona, wato an kama sarki ba wurin gudu.

Yar_Burja:
@DokinKarfe ai mat ɗin ne ya gani. Baƙi na shirin gxh2, kuma mat ne nan take: hasumiyar h8 na tsare da sojan, giwar f3 ta rufe g2 da h1, f1 da f2 kuma kayansa ne a kai. In ya ce bari ya cinye sojan da 15.hxg3, layin h ya buɗe, Th1 mat. Da sojan f2 kuma ba zai iya ci ba, don giwar c5 ta ɗaure shi da sarki. Abin da ya rage sai ya yi ta zubar da kaya don jinkiri, Ff7+ ko Dh6, ƙarshenta dai ɗaya.

DokinKarfe:
To, na gani. Wannan giwar ta c5 ban ma lura da ita ba, tun taku na 3 take zaune ba ta motsa ba.

Mushe_Lissafi:
Kuma ita ce ta yi rabin aikin. Dan_Mokoyo, ina bayan malamin yaron, amma bari in faɗi dalili don kada ya zama an ce an ce.

A taku na 4 fari ya yi rok (0-0, wato sarki ya matsa gefe, hasumiya ta tsallako gefensa), sarkinsa ya sami mazauni a g1, kowa ya san inda yake kwana. Baƙi bai yi ba, sarkinsa na tsakiya, hasumiyarsa na h8. A wannan hali ne yaron ya kai giwa g5 don ɗaure dokin f6. Ɗaurin nan yana da daɗi idan baƙi ya riga ya yi rok a ɓangaren sarki, domin a lokacin in ya turo h6 da g5 don korar giwa, gidansa yake tonewa. Amma a nan sojojin g da h ba masu gadin kowa ba ne. Sake suke, kuma duk takun da suka yi gaba suna yin sa ne da dukan giwa, wato kyauta. h6 ya doki giwa, g5 ya doki giwa, h5 na shirin h4 ya rufe ta a g3. Taku uku baƙi na matsowa ƙofar sarki, fari kuwa dabba guda yake ta ja da baya.

Da ya buga 6.c3 ko 6.Cc3, ko ma ya kai giwar e3 ta fuskanci ta c5, da babu wannan labari. Ko bayan 6...h6, komawa e3 ko cin dokin f6 ya fi 7.Fh4. Ban ce wasan ya mutu a taku na 6 ba. Na ce a nan ya shiga hanyar da sai gwani ke fita lafiya.

Bagobiri_Tibiri:
Mushe, gaskiya ta ka hwaɗi, amma ni ban yarda a ɗora ma taku na 6 laihi duka ba. Manyan 'yan wasa na buga Fg5 cikin wanga buɗi na Italiya har yau. Inda yaro ya ɓata shi ne na 9. An nuna mai soja a g5, ya ɗauka. An nuna mai f7, ya ɗauka. An nuna mai sarauniya, ya ɗauka. Doki guda ya yi taku ukku a jere yana kiwo, dokin b1 da hasumiyar a1 ko motsi ba su yi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Dokin f3 shi ne mai gadin h2, ranar da ya bar wurin nan aka shigo gida.

Dalibi_DanDicko:
Jama'a ku gafarce ni, amma wannan wasan ba sabo ba ne. Takun nan 14 su ne wasan da Viktor Knorre ya buga da Mikhail Chigorin a San Pitasbag ta Rasha a 1874, Chigorin na riƙe da baƙaƙe. Shi Knorre masanin taurari ne, ba ƙaramin mai ƙwaƙwalwa ba, amma haka aka yi masa. Kafin nan ma, a Landan a 1862, Steinitz, wanda daga baya ya zama zakaran duniya, ya buga wannan h6, g5, h5 ɗin a kan Dubois ɗan Italiya. Dubois bai ci sojan g5 ba, ya tare da 9.h4, Steinitz ya amsa da Fg4, kuma duk da haka Steinitz ne ya yi nasara. Don haka yaron da ya ci ɗanku ba sa'a ya taka ba, hadda ya kawo.

Dan_Mokoyo:
Ikon Allah. Shekara 150 da wani abu kenan ana kama mutane da tarko ɗaya. Yanzu na gane abin da na gani. Ina tsaye bayan igiyar da aka ja wa 'yan kallo, lokacin da ɗan yayata ya ɗauke sarauniyar nan har sai da ya ɗago kai ya neme ni da ido, yana danne murmushi. Wancan kuwa ko gezau, ya tura giwa g4, ya danna agogo, ya buɗe ledar ruwansa yana sha. Na ce a raina yaron nan bai san abin da ya same shi ba. Ashe mu ne ba mu sani ba.

Alhaji_MaiGyada:
Ni ban iya wannan wasa naku na Nasara sosai ba, jikana ne ya sa ni cikin zauren nan. Amma na shekara ina buga dara a gindin bedi, ta gida talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Abin da na sani, in ka ga gwani ya bar maka ɗa a fili, kuma bai ɓata fuska ba, to ka ƙirga gidajen da ke kusa da kai kafin ka miƙa hannu. Ku gaya wa yaro ya riƙa duban fuskar mutum.

Yar_Burja:
Allah ya ƙara girma Baba Alhaji. Sai dai a gasa akwai masu ɓata fuska da gangan don ka ɗauka sun yi kuskure. Allon ya fi fuska gaskiya.

Alhaji_MaiGyada:
'Yata, wannan ma akwai su a dara. Har salati suke yi.

BaKatsine_Jibiya:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Wannan cin na hadda, cin gaskiya ne? Yaro ya je ya kalli bidiyo a YouTube, ya haddace taku 14, ya zo ya zazzage. Me ya nuna na iyawa? Da ɗanku ya kauce a taku na 7 wataƙila da an ga wancan bai san komai ba.

Dalibi_DanDicko:
Cin gaskiya ne mana. Shiri ai cikin wasa yake. Kuma ka lura, baƙi ya ba da sarauniya, in fari ya kauce daga abin da aka haddace dole ya nemo sauran da kansa. Ba kowa ke da zuciyar yin haka a gasa ba.

BaKatsine_Jibiya:
Zuciyar me, tunda ya san ƙarshen fim ɗin?

Mushe_Lissafi:
Ku bar wancan yaron, ba shi aka kawo mana ba. Dan_Mokoyo, tambaya: minti nawa ya rage a agogon ɗanku da aka gama?

Dan_Mokoyo:
Na tambaye shi. Ya ce wajen 53 ko 54 cikin 60.

Mushe_Lissafi:
To ga babban kuskuren, kuma ba ya cikin takun da ka rubuto. An ba shi awa guda, ya kashe minti shida ko bakwai a wasan da aka miƙa masa sarauniya kyauta. Duk wanda aka bai wa kyauta irin wannan a allo, wurin nan ne zai zauna a kan hannuwansa ya yi minti goma sha biyar. Ina sa ɗalibaina su rubuta lokacin da ya rage a gefen kowane taku. In mun zo bita, kafin mu duba ko takun ya yi kyau, sai mu duba inda aka daɗe da inda aka yi sauri. Sau da yawa za ka ga yaro ya ƙone minti goma a wurin da kowane taku daidai ne, ya kuma buga cikin daƙiƙa biyar a wurin da rai ke hannun Allah.

Yar_Burja:
Ina so in dawo kan maganar Dan_Mokoyo ta farko, don ina ganin an yi saurin wuce ta. Yana da gaskiya fiye da yadda kuke ba shi. A taku na 13 wasan na da rai.

Bayan 12...Cd4 barazana biyu ce, ba ɗaya ba. Ta farko Ce2+, in sarki ya koma h1 sai Txh2 mat. Yaron ya ga wannan, shi ya sa ya fito da doki c3 ya tsare e2. Wato ya yi tunani, bai buga da ka ba. Abin da bai gani ba shi ne dokin na da ƙofa ta biyu, f3.

Yanzu ku gwada 13.h3. Idan baƙi ya bi hanyar da ya bi a wasan, 13...Cf3+ 14.gxf3 Fxf3, babu sauran gxh2 mat, domin sojan ya bar h2. Dole ya kashe taku guda ya ci h3 kafin ya kai h1. Wannan taku gudan ya ishi fari: 15.Dg5 Txh3 16.Dg6+ Rxd8 17.Dxf6+, sannan sarauniya ta sauko ta ɗauke giwar f3. Hari ya ƙare, fari na da sarauniya, baƙi ba shi da ita.

Saboda haka dole baƙi ya bi ta ɗaya ƙofar, 13...Ce2+. A nan kada sarki ya je h1, don akwai Txh3+ gxh3 Ff3 mat. Sai dai fari ya mayar da amanar da ya ci: 14.Dxe2 Fxe2 15.Ce6. Dokin da ke maƙale a d8 ya fito, yana dukan giwar c5, yana kuma leƙen c7. Babu sarauniya a allo, fari na da rarar soja biyu, amma hasumiyarsa ta f1 na bakin giwa, f2 ma na shan matsi. Ban ce fari ya fi ba. Amma wasa ne da za a yi awa ana bugawa, ba jana'iza ba.

Bagobiri_Tibiri:
Kai! Wagga Dg5 da Dg6+ ta yi kyau. Ke da kanki kinka gano ko na'ura ta hwaɗa miki?

Yar_Burja:
Da allo da kofin shayi, bayan isha'i. An ɗauke wuta, wayar ma ba caji.

DokinKarfe:
Ni tambayata ta jahilci: a taku na 12, da giwa ta doki sarauniya daga g4, me ya hana ya tura f3 ya tare? Kuma a na 13, tunda dokin d4 ya shiga tsakanin giwar c5 da sarki, ai ɗaurin ya kwance, me ya hana ya ci g3?

Mushe_Lissafi:
Ba ta jahilci ba ce, irin tambayar da ake so ke nan. A na 12, f3 haramun ne, sojan a ɗaure yake, in ya matsa giwar c5 na kallon sarki. A na 13 ɗaurin ya kwance kamar yadda ka ce, amma na ɗan lokaci ne, don dokin na tashi ya dawo. In 13.fxg3, sai Cf3 da kashedi biyu a lokaci guda, na doki da na giwa. Kashedi biyu ba a tare shi, ba a cinye shi, sai sarki ya gudu. Gida ɗaya gare shi, h1, sai Txh2 mat. In kuma 13.hxg3, layin h ya buɗe, Cf3+ gxf3 Fxf3, Th1 na tafe.

Maman_Yara:
Ni ba gwana ba ce, 'yata ce ke bugawa, ita ma tana wurin ranar. Abin da nake roƙo, ku manya ku riƙa sassauta wa yaran nan. Na ga wani uba ya tsare ɗansa a bakin ƙofa yana yi masa faɗa gaban mutane kamar ya faɗi jarrabawar BEPC. Yaro ya sha kashi, cikinsa na ƙuna, ba lokacin bita ba ne. A ba shi abinci, ya kwana, gobe a buɗe allo.

Dan_Mokoyo:
Hajiya ba ni ba ne dai, ni tsire na saya masa a hanya. Amma maganarki gaskiya ce. Sai da aka kwana biyu ya yarda ya ba ni takardar. Ta sha murɗa a aljihu, kuma abin dariya, rubutun taku na 10 da na 11 manya-manya ne har da alamar mamaki da ya sa wa kansa, na 13 da na 14 kuwa da ƙyar ake karanta su.

Dalibi_DanDicko:
Ku nuna masa abin da ya faru da shi Chigorin ɗin da kansa, zai huce. A Habana ta Kuba a 1892 yana karawa da Steinitz kan kambun duniya. A wasa na 23 yana gaba da dabba guda, sai a taku na 32 ya janye giwarsa zuwa b4, ita ce kuwa ke tsare h2. Steinitz ya ci h2 da hasumiya, mat cikin taku biyu, gasar ta ƙare a nan. Gidan h2 ɗin da ya kashe Knorre da shi, shi ya kashe shi bayan shekara 18.

Na kusa-kusa kuma, Disamba 2024 a Singafo, wasa na 14 kuma na ƙarshe tsakanin Ding Liren na Sin da Gukesh na Indiya. Kowa ya sa ran canjaras. Ding na da hasumiya, giwa da soja ɗaya, Gukesh na da hasumiya, giwa da soja biyu. Sai Ding ya buga 55.Tf2 yana neman musayar hasumiya, ya manta giwarsa na lungun a8, inda layi ɗaya tak gare ta. 55...Txf2 56.Rxf2 Fd5, dole a yi musayar giwaye ma, 57.Fxd5 Rxd5 58.Re3 Re5, ya sallama. Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18, da maki 7.5 da 6.5.

BaKatsine_Jibiya:
Har Kramnik ma, yana zakaran duniya, a 2006 a birnin Bon na Jamus, kwamfutar Deep Fritz ta yi masa mat na taku ɗaya a h7 bai gani ba. To wa ya rage?

Mushe_Lissafi:
Labaran nan na sanyaya zuciya, amma ina tsoron darasin da yaro zai ɗauka: "kowa na kuskure, ba komai." Na Ding ma in ka duba da kyau ba daga sama ya faɗo ba. Tun tsakiyar wasan yake ta musayar kaya yana neman a tashi kunnen doki, har ya yarda ya shiga ƙarshen wasa da gibin soja guda, ya ɗora wa kansa tsaron da ba dole ba, agogonsa na ƙarewa. Mutum ya daɗe yana tafiya a bakin rijiya kafin ƙafarsa ta zame. Gardamarmu ke nan da Yar_Burja. Ita tana nuna inda ƙafa ta zame, ni ina tambayar wa ya aike shi bakin rijiyar.

Yar_Burja:
Mushe, na yarda da rabi. Amma in ka koya wa yaro "kada ka buga Fg5 kafin abokin karawa ya yi rok", ka ba shi doka guda da za ta yi masa aiki a buɗi guda. In ka koya masa ya tsaya ya lissafa duk kashedin da za a iya yi wa sarkinsa kafin ya taɓa dabba, ka ba shi abin da zai yi masa aiki har tsufa. A taku na 13 kashedin da baƙi ke da su ba su da yawa: Ce2, Cf3, gxh2, gxf2. Huɗu ne. Da minti 50 a agogo, ya duba ɗaya ya bar uku.

Bagobiri_Tibiri:
Duka biyu na da kyau, amma ku bar ni da nawa: ya koyi ƙin karɓar kyauta.

DokinKarfe:
Ni dai da na gama wasa a shafin Lichess nake danna bita, Stockfish, na'urar lissafa wasa, ya jera mini kurakuraina cikin minti ɗaya, kyauta. Me zai sa in kwana ina jera itace a allo? Ku saka wasan a ciki mu huta da gardama.

Mushe_Lissafi:
Saka shi, ba haramun ba ne, amma a ƙarshe. Na'ura za ta ce maka taku kaza kuskure ne, ga wanda ya fi. Ba za ta ce maka me ya sa hannunka ya je can ba. Ba ta san yaron ya ɗago kai yana neman kawunsa da ido ba. Yadda nake yi da nawa: da farko yaro ya rubuta da biro abin da yake tunani a kowane wuri mai wuya, me ya ji tsoro, me ya yi fata. Sannan ya zauna da wanda ya ci shi su juya wasan tare, don shi ne kaɗai ya san abin da ke ɗaya gefen. Sannan ni. Na'ura ta zo ta huɗu, ta gyara mu duka. Wanda ya fara da ita zai gyaɗa kai ya ce "haka ne", mako mai zuwa ya sake faɗawa rami ɗaya.

Dalibi_DanDicko:
Shi Gukesh ɗin ma kocinsa na yarinta, Vishnu Prasanna, ya nisanta shi da na'ura a shekarunsa na farko, ya sa shi lissafi da kansa. Ya zama giranmasta, babban muƙamin 'yan wasan nan, a 2019 yana ɗan shekara 12. Sai dai kada mu mayar da abin addini. Mu nan Maradi ba mu da koci mai babban matsayi a kowace unguwa. Ga wanda ba shi da kowa, na'urar nan ita ce malamin da ya samu.

Alhaji_MaiGyada:
Wannan zama da wanda ya ci ka da Mushe ya faɗa, yaran yanzu za su yarda? Mu a dara in an ci ka sai dai ka tashi a zauna, ana yi maka waƙa.

Maman_Yara:
Suna yi Alhaji. Ranar na ga biyu sun koma ƙarƙashin bishiya da allonsu suna ta musu, har alƙalin gasa ya ce su rage murya.

Admin_Fada:
Tunatarwa: masu turo tallan waya da takalma a nan, an goge. Wanda ya sake za a fitar da shi. Ku ci gaba.

BaKatsine_Jibiya:
Tunda an zo maganar koci, ku dubi abin da Tunde Onakoya ke yi a Legas da yaran unguwannin talakawa. A Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na Niyok don tara kuɗin karatun yara. Mu ma nan da Katsina da Maradi da Damagaram in da za a riƙa haɗa yara ko sau ɗaya a shekara, da irin tarkon nan ba zai kama kowa sau biyu ba.

Bagobiri_Tibiri:
Wanga zance na da kyau amma a buɗe mai nashi wuri. Ni akwai abin da ke cina tun jiya. Kowa na maganar 11.Cxd8. To in da ya ci hasumiya fa, 11.Cxh8? Duk mat ɗin da munka lissafa, da hasumiyar h8 aka yi su. In babu ta, da mi baƙi za ya kashe?

Yar_Burja:
Tambaya mai kyau. Da sarauniya zai kashe, tunda ka bar masa ita. 11...De7, tana shirin zuwa h7 ta doki h2 da dokin h8 a lokaci guda.

Bagobiri_Tibiri:
Sai in dawo da doki f7 in toshe mata hanya. Giwar c4 na tsare da shi.

Yar_Burja:
Sai 12...Fxf2+ 13.Txf2 gxf2+ 14.Rxf2 Cg4+. Dokin ya bar f6, hanyar sarauniya zuwa h4 ta buɗe, sarkinka na tsakar gida ba riga.

Bagobiri_Tibiri:
Ba riga amma da rarar soja biyu, kuma kayan sun yi daidai: sarauniya, hasumiya, giwa da doki biyu kowane gefe. In na koma g1, kin zo h4, na tura h3. Nuna mini mat.

Yar_Burja:
Ban ce akwai mat ba. Na ce ba zan so in zauna a kujerarka ba, da dokin b1 da hasumiyar a1 suna barci.

Mushe_Lissafi:
Kun ga abin da nake faɗa. Ku biyu manya kun kwana kuna neman yadda fari zai tsira da ransa, a taku na 11 na wasan da shi ya fara. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan taku na 6.

Dalibi_DanDicko:
Ko a kan na 9, Mushe. Da 9.h4 babu ɗaya daga cikin wannan.

Mushe_Lissafi:
Kai da bakinka ka ce Dubois ya buga shi ya sha kashi.

Dalibi_DanDicko:
A hannun Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886. Ba a hannun ɗan lise ba.

Dan_Mokoyo:
Na gode muku ƙwarai. Na karanta wa yaron duka. Maganar agogo ta shige shi, ya yi shiru. Layin 13.h3 na Yar_Burja kuwa sai da ya jera shi sau biyu, ya ce shi h3 ɗin ya zo masa a rai amma ya ga kamar takun tsoro ne, mai sarauniya a hannu bai kamata ya buga shi ba. Amma har yanzu bai yarda 6.Fg5 kuskure ba ne, ya ce zai sake buga shi, sai dai a na 7 zai ci dokin.

Mushe_Lissafi:
7.Fxf6 Dxf6, ya ba da giwa a kan doki, ya fito wa baƙi da sarauniya, layin g kuma na nan ana iya turo sojoji. Ba mutuwa ba ce, amma me ya samu? Ka kawo shi fada ranar Asabar bayan la'asar, in riƙe baƙaƙe ya gwada a kaina.

Bagobiri_Tibiri:
Ni ma ina zuwa in Allah ya so, in an samu mota daga Tibiri da wuri. Yar_Burja, ki taho da allonki. Mu jera daga 14...Cg4+, ni da farare, minti goma sha biyar-biyar, kuma kar kowa ya buɗe waya.

Yar_Burja:
Sai dai in yayana zai rako ni. Amma kafin nan duba 15.Rg1 Dh4 16.h3 Df2+ 17.Rh1 Dg3. In ka ci dokin g4, me za ka yi da giwar c8 in ta ci g4 ta doki sarauniyarka?

DokinKarfe:
Ni fa na riga na saka shi a Stockfish. In faɗa?

Bagobiri_Tibiri:
Kar ka soma.